Amsoshin Takardunku: Kunna Injin Ruwa Daga Nesa

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani magidanci a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni. Ya ce sau da yawa sai tsakar dare ake kawo musu wuta, ya fita ya kunna injin rijiyar burtsatse, barci ya kwashe shi, tanki ya cika ya yi ta zuba har asuba. Yana tambaya ko zai iya haɗa na'urar da zai riƙa kunna injin da kashe shi daga ɗaki.

To Malam, za ka iya. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, domin tun a 1898 Nikola Tesla ya sarrafa ɗan ƙaramin jirgin ruwa da igiyar rediyo a birnin New York na Amurka. Abin da ya sauƙaƙa ta shi ne ɗan guntun ESP8266 da kamfanin Espressif na ƙasar Sin ya fitar a 2014.

Abu uku kake bukata: allon da ke ɗauke da wannan guntu, da cajar waya mai volt 5 da za ta ba shi wuta, da kuma rile, wato makunnin da allon ke buɗewa da rufewa. Ana rubuta wa allon umarni da manhajar Arduino, wadda kyauta ce. Allon yana iya kafa Wi-Fi nasa, wayarka ta kama shi ba tare da ka sayi data ba. Idan ba ka iya liƙa wayoyi da dalma ba, masu gyaran waya na Farm Centre suna nan kusa da kai.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. Wutar da KEDCO ke kawowa volt 230 ce, tana kisa nan take. Kuma injin ruwa yakan ja wuta ninki-ninki a lokacin tashi, har ya narkar da ƙaramin rile mai amfiya 10, gobara ta biyo baya. Saboda haka rilen ya tsaya ga motsa kwantakta, ita kuma ta ɗauki nauyin injin. Wannan ɓangare ka bar wa ƙwararren mai wayarin, ya rufe kome cikin akwatin da ruwa da hannun yara ba za su kai ba. Kai dai ka fara gwaji da ɗan ƙwan fitila mai batir.

Sannan ka sa a ɗaura maka makunni mai yawo a kan ruwa cikin tankin, wanda zai kashe injin da kansa idan ya cika. Waya ba ta maganin barci, Malam.