Sarewa Dubu Takwas, Numfashi Ɗaya

   Yau zan ba ku labarin wani kayan busa na ƙasar Faransa, yadda ya yi shiru, da yadda aka gyara shi. Ku ba ni kunne har ƙarshe, gama akwai rabonku a ciki.

A Faris, babban birnin Faransa, akwai wata tsohuwar majami'a da a ke kira Notar Dam. An fara gininta a shekara ta 1163. A bisa babbar ƙofarta, tsakanin hasumiya biyu, akwai kayan busa wanda a ke ce da shi ogan. Ka san sarewar makiyayi. To, ka ɗauka an tara sarewa wajen 8,000, an jera su tsaye wuri ɗaya. Waɗansu na katako ne, yawancinsu kuwa na kuza ne gauraye da dalma. Mafi tsawo ya kai wajen mita 10, ƙaramin kuwa bai wuce fensir ba. Dogo yana ruri kamar hadari, gajere yana kuka kamar ɗan tsuntsu.

Ba bakin mutum ke busa su ba. Ka san zugazugin maƙeri. Ogan ma yana da nasa, manya ƙwarai, su ke tura iska cikin akwatunan katako da ke ƙarƙashin bututun. A dā ƙarti ne su ke zuga su, yanzu injin lantarki ke yi. Makaɗi yana zaune, gabansa jeri biyar na madannai, ƙarƙashin ƙafafunsa kuma jeri ɗaya. In ya danna, sai wata 'yar ƙofa mai fatar tunkiya ta buɗe, iska ta shiga bututu, bututu ya yi magana. Kowane bututu murya ɗaya tak gare shi. Wani gwani mai suna Aristide Cavaillé-Coll shi ya sāke ƙera wannan ogan, ya gama a 1868, amma waɗansu bututun sun girme shi nesa.

Ran 15 ga Afrilu, 2019, Litinin ce ta makon da mu ke tuna mutuwar Ubangiji, da yamma wuta ta kama rufin majami'ar. Katakon rufi ya cinye, tsinin da ke tsakiya ya faɗi, mutane na tsaye a titi suna kuka. Da gari ya waye aka hau aka duba ogan, sai ga shi tsaye. Wuta ba ta ci shi ba, ruwan 'yan kwana-kwana ma bai yi masa ɓarna mai yawa ba. Kowa ya yi hamdala.

Amma fa duk da haka ba a busa shi ba. Don me? Rufin majami'ar na dalma ne, fiye da tan 400. Da wuta ta narkar da dalma, sai ƙurarta ta tashi, ta sauka a kan kome. Ta shiga bakin bututu, ta shiga akwatunan iska, ta kwanta a kan fatu. Ƙurar dalma kuwa dafi ce. Wanda ya ji labarin yaran da ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya bukatar a yi masa bayani. Da a ce an kunna ogan a haka, da iskar da za ta fito da waƙa ita za ta watsa wa masu sujada dafi.

Ɗan'uwa, tsaya nan tukuna. Akwai mutum wanda bai yi kisa ba, bai fasa gidan kowa ba, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. In ka gan shi sai ka ce, wannan kam wuta ba ta taɓa shi ba. Amma mudunsa biyu ne, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Yana jera manyan tumatir a bakin kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Yana rantsuwa da Allah a kan kuɗin da ya sayo kaya, alhali ya san ba haka ya sayo ba. An ba shi ajiya, yana juya ta, mai ita bai sani ba. Ɗaya ɗaya, ba su da nauyi a idonsa. Ƙura ma haka ta ke. Ran Lahadi kuwa da bakin nan ya ke raira yabo. Annabi Amos, a sura ta 8, ya yi faɗa da 'yan kasuwan Isra'ila a kan wannan hali na rage mudu da murɗe ma'auni, ya kuwa gaya masu Allah ba zai manta da shi ba. Abin da maƙwabcin rumfarka bai gani ba, Allah ya gani.

To, yaya masu gyara suka yi? Ba su ɗauki tsumma suka goge gaba suka tafi ba. A watan Agusta, 2020, suka kafa matakalar ƙarfe mai tsawon wajen mita 30, suka fara kwance ogan. Sai Disamba suka gama. Suna sanye da rigunan kāriya, in za su fita kuma sai sun yi wanka. Manyan bututun gaba, da ba su ɗaukuwa, aka tsabtace su a inda su ke. Sauran aka sauko da su, aka lissafta, aka sa a akwatuna, domin a san mazaunin kowanne. Aka raba aikin ga ma'aikata uku a kudancin Faransa. Aka wanke bututu ciki da waje. Tsofaffin fatu kuwa, da ya ke dalma ta shige su, ba su wankuwa, sai aka ɓamɓare su aka manna sababbi.

Haka tuba ta ke. Sarki Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a wurin yaƙi, ya rufe maganar. Yana nan kan gadon sarauta, ana yi masa fādanci, sai ka ce ba abin da ya faru. Amma Allah ya aiko Annabi Natan ya tone masa. Dawuda bai kawo hujja ba. Ka karanta Zabura ta 51, ka ga abin da ya roƙa. Bai roƙi a gyara masa suna a bakin jama'a ba, wanki ya roƙa har can ciki, da zuciya sabuwa. Akwai abin da za a wanke a cikinka, akwai kuma abin da sai an ɓamɓare, kamar fatun nan. Mudu na biyu ba a gyara shi, fasa shi a ke yi.

Ka lura kuma, ogan bai wanke kansa ba. Ba bututun da ya sauko da ƙafarsa ya tafi rafi. Masu gyara ne suka hau wurinsa, suka shiga cikin ƙura domin su fid da shi daga ƙura. Wannan ita ce bishara. Yesu Almasihu, wanda ba shi da zunubi, ya sauko wurinmu, ya ɗauki zunubanmu a kan gicciye, ya mutu, a rana ta uku ya tashi. Sadaka ba ta wanke zuciya, yawan zuwa majami'a ma ba ya wanke ta. Jininsa ne ke wankewa. Naka shi ne ka yarda a kwance ka, ka daina ɓoyewa.

A 2023 aka komo da kayan, aka mai da kowane bututu raminsa. Amma aiki bai ƙare ba, sauran daidaita murya. Da rana majami'ar cike ta ke da ƙarar guduma da injuna, saboda haka da dare masu daidaitawa su ke aiki, sa'ad da kome ya yi tsit, har wajen wata shida. Mutum ɗaya na danna madanni a ƙasa, ɗaya na can sama cikin bututu yana kasa kunne. Ya ɗan buɗe bakin wannan, ya ɗan matse na wancan, har ya faɗa daidai. Ba kuwa yadda kowane bututu ya ga dama a ke binsa ba. Akwai jeri ɗaya da a ke fara daidaitawa, sa'an nan a auna saura da shi, kamar yadda sarkin kasuwa ke da mudu ɗaya na gwada sauran.

Ku masu bi, wannan taku ce. Mun taru a baƙon gari daga wurare dabam dabam, wani ɗan Katsina, wani ɗan Damagaram, wani haifaffen nan. Me ya sa rigima ba ta ƙarewa a tsakaninmu? Domin kowa yana so a daidaita saura da muryarsa. Mai kuɗi yana ruri, yana cewa wace ce gwauruwar nan mai sayar da ƙuli-ƙuli? Manzo Bulus ya tsawata wa Korintiyawa a kan haka a wasiƙarsa ta fari, sura ta 12, inda ya kwatanta ikkilisiya da jiki mai gaɓoɓi da yawa. In ƙaramin bututu ya toshe, makaɗi zai danna ya ji rami a cikin waƙa. Ma'auninmu ɗaya ne, shi ne Almasihu. Kuma ba ka jin ko ka kauce a cikin hayaniyar kasuwa. Ka nemi lokacin shiru, da asuba ko bayan an tashi daga ciniki, ka buɗe Littafi Mai Tsarki, ka yi addu'a, ka bar Mai gyara ya saurare ka.

Ran 7 ga Disamba, 2024, aka sāke buɗe majami'ar. Babban Bishop na Faris, Laurent Ulrich, ya tsaya ya sa wa ogan albarka, ya kira shi ya farka. Sau takwas yana yi masa magana, kowane karo makaɗi yana amsawa da busa. Shekara biyar da wata bakwai da 'yan kwanaki ke nan bayan gobara.

Amma ko a ran nan, da iska ba ta shiga ba, da bututu 8,000 sun tsaya kurum, tsaf da su, ba murya. Annabi Ezekiyel, a sura ta 37, an nuna masa kwari cike da busassun ƙasusuwa. Suka harhaɗu, nama da fata suka rufe su, amma suna nan kwance, sai da numfashi ya shige su kāna suka miƙe. Mutum yana iya barin giya, ya bar ƙarya, ya zama kamili, duk da haka ya zama bebe a gaban Allah. Ruhu Mai Tsarki shi ne numfashin, Allah kuwa yana ba da shi ga wanda ya roƙa cikin sunan Ɗansa.

Kada ka ce sai kasuwa ta tashi. Ba wanda ya san ranar da za a naɗe tasa tabarma. In kana riƙe da haƙƙin wani, mayar masa a makon nan. In kana gaba da ɗan'uwa, je ka same shi. In kuwa ba ka taɓa ba da gaskiya ga Yesu ba, yau ƙofa a buɗe ta ke.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka san ƙurar da ke cikinmu. Ka wanke mu sabili da Yesu, ka mai da kowannenmu mazauninsa, ka hura mana Ruhunka, domin cinikinmu da bakinmu su yabe ka tare. Amin.

Mai tambaya ya je wurin malamin majami'ar da ke kusa da shi. In ka gama karanta takardan nan, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.