Sunanka yana cikin rajistar zaɓe?

Jama'ar unguwar Kilomita Biyar,

Ranar 13 ga Disamba, 2015, ranar ƙuri'ar raba gardama, an buɗe wuta kan masu layin zaɓe a unguwar nan, har an rasa rayuka, amma mutane ba su fasa jefa ƙuri'a ba. Unguwar da ta biya wannan farashi bai kamata ta yi sakaci da rajista ba.

Hukumar zaɓe ta ƙasa, ANE, ita ke riƙe da kundin masu zaɓe. Ɗan ƙasa da ya cika shekara 18 zai je cibiyar rajista da takardar haihuwa ko katin shaida, a rubuta sunansa, a ɗauki hotonsa. Daga nan a liƙa jerin sunaye na wucin gadi. A nan ne da yawa ke tuntuɓe: kwanakin gyara ƙididdigaggu ne, kuma wanda bai je ya duba ba, sai ranar zaɓe ya tarar an karkata sunansa ko babu shi sam.

Gaskiya hanyar akwai ƙaya. Takardun gidaje da yawa sun ƙone a rikicin 2013 da 2014, kuma Musulmi sun daɗe suna kukan ana tsananta musu bincike kafin a ba su katin ɗan ƙasa. Kukan yana kan hanya, amma zama a gida ba ya share shi. A zaɓen 2020 'yan'uwanmu da ke gudun hijira a Kamaru da Cadi ba su samu yin zaɓe ba.

Limamai, masu unguwanni, iyaye mata na kasuwa: duk lokacin da aka buɗe rajista, ku tura yaranku, ku ma ku je ku duba sunayenku da idonku.