Ƙiba ba ita ce lafiya ba

Ina gaida na Damana da duk ƙasar Tondikandiya, da na Filinge da duk ƙasar Kurfai, da na Bonkuku da Baleyara. Ku matso kusa da rediyo. Mai littafi ya buɗe littafinsa, don akwai lissafi cikin darasinmu na yau.

Yau za mu yi magana a kan ƙiba. Na san wani zai yi dariya ya ce: "Malam, mu da muke fama da fari, ina mu ina ƙiba?" Gaskiyarka, ɗan'uwa. Iyayenmu sun ga yunwar 1973 da ta 1984. Mu ma mun ga ta 2005. Shi ya sa in muka ga mutum ya yi jiki sai mu ce ya samu hutu. Amarya in ta cika, sai a ce mijinta na riƙon ta da kyau. Ƴan'uwanmu Zabarmawa har suna da al'adar da suke kira hangandi, inda mata ke cin abinci da yawa don su yi ƙiba.

Amma zamani ya sake. Da ƙafa ake zuwa kasuwa, yanzu moto. Da turmi ake daka, yanzu inji. Shinkafa da mai da taliya da lemun kwalba sun shigo har ƙauye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, cikin kowane mutum 8 na duniya, ɗaya na da ƙiba mai yawa. Cutar ba ta Turawa ba ce kaɗai. Ta zo Yamai, ta zo garuruwanmu.

Akwai wani ɗalibi a ajinmu, ɗan tireda ne, magidanci mai ƴaƴa shida. Tun da ya sayi moto, ko masallaci ba ya zuwa da ƙafa. Wuni yake zaune a shago, butar shayi na kan wuta. Wata rana ana darasi ya ce baƙaƙen allo na rawa a idonsa, kansa na sara. Muka kai shi gidan likita. Aka auna, aka ce hawan jini ne, kuma sukari ya fara yawa cikin jininsa. Likita ya ce masa: "Alhaji, in kana so ka ga auren ƴaƴanka, ka sha magani, ka kuma rage nauyi."

Me ya sa likita ya faɗi haka? Jiki kamar rumbu yake. Abin da ka ci, in ka yi aiki, ya ƙone. Abin da ya rage, jiki ya aje shi ya zama kitse. Kitsen da ya taru a ciki shi ya fi haɗari. Yana sa zuciya aikin wahala. Yana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki. Gwiwoyi kuma su gaji da ɗaukar kaya.

Yaya za ka san ko naka ya yi yawa? Ba sai da sikeli ba. Samo igiya. Ka tsaya daidai, wani ya auna tsawonka da ita, daga ƙasa zuwa kai. A yanke. Ka ninka igiyar biyu, ka zagaya cikinka da ita, sama da cibiya kaɗan. In bakin igiya ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Faɗin kewayen ciki bai kamata ya wuce rabin tsawon mutum ba.

To, ga abubuwa biyar da za a yi.

Na ɗaya, sukari. Ku ɗauki alƙalami. Dunƙulen sukari ɗaya kamar giram 5 ne. Mutum ya sha shayi kofi 3, kowane kofi da dunƙule 2, ya zama 6. In ya sha safe da yamma, ya zama 12. Giram 60 ke nan. A wata guda dunƙule 360, wato kilo 2 ba kaɗan. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015, kada babban mutum ya wuce kamar giram 50 a yini, wato dunƙule 10, kuma rabin haka ya fi. Lemun kwalba ɗaya kaɗai na ɗauke da kamar dunƙule 7. Ba a ce ku bar shayi ba. Ku rage sukarin da rabi. Fura da nono ma ba ta bukatar sukari.

Na biyu, mai. Mai ya fi hatsi sa ƙiba fiye da ninki biyu, in aka auna su daidai. Uwargida, kada ki tuttula mai daga kwalba cikin tukunya. Ki auna da cokali. Fanke da ƙosai da soyayyen dankali su zama na wani lokaci, ba na kullum ba. A rage gishiri da dunƙulen miya, don su ke tada hawan jini.

Na uku, kwanon abinci. Abincinmu na gado ba shi da laifi. Tuwon hatsi, da wake, da miyar kuka ko ta kuɓewa, da kwaɗon zogale, duk suna riƙe ciki, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Ka raba kwano gida huɗu a zuciyarka. Gida biyu ganye da kayan lambu: zogale, yakuwa, kabeji, tumatir, salati. Gida ɗaya tuwo ko shinkafa. Gida ɗaya wake, ko kifi, ko nama. Allah ya ba mu Dallol Boso, ruwa na kusa da ƙasa, lambun rani na yi. Mai lambu kada ya kai duka kasuwa, ya bar na gida. Ka ci sannu. In ka ƙoshi ka tsame hannunka, ko da abokan cin ba su tashi ba.

Na huɗu, motsa jiki. Abin da ake so ga babban mutum shi ne minti 150 a mako. Ku raba: minti 30, kwana 5. Tafiya ce da sauri, wadda za ta sa ka ɗan yi zufa amma kana iya magana. Bayan sallar asuba ya fi, kafin rana ta yi zafi. Ka bar moto gida in wurin ba nisa. Manomi na da nasa aikin da damana, amma da rani ya kan zauna. Ya nemi lambu, ko gyaran darni, ko ya raka dabbobi rijiya.

Na biyar, maganin ƙiba. Ƴan'uwa mata, wannan taku ce. Ƙwayoyin da masu talla ke sayarwa a kasuwa don a yi jiki, wasunsu maganin wata cuta ne dabam. Suna kumbura fuska da ciki, su jawo hawan jini da ciwon sukari, su raunana ƙashi. Kada ki sayi kyau da ranki. Wadda ta daɗe tana sha kuma, kada ta bari rana ɗaya, don hakan ma na da haɗari. Ta je likita ya nuna mata yadda za ta rage.

Kada wani ya ce sai ya koma kamar saurayi. A Amurka an yi wani bincike da mutum fiye da 3000 waɗanda ciwon sukari ke shirin kamawa, aka bayyana sakamakon a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiyar minti 150 a mako, kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100 a wurinsu. Mai kilo 90 in ya rage kilo 6, ya yi babban aiki. Rabin kilo a mako ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ragewa ba ta kai riƙewa wuya ba. In ka rame, jiki zai ƙara maka yunwa, don yana so ya maida abin da ya tafi. Wanda ya yi wa kansa horon yunwa wata guda, ya koma cinsa na da, nauyin zai dawo har da riba. Mun ga haka bayan azumi da sallar layya. Don haka kada ka ɗauki dokar da ba za ka iya riƙe ta shekara ba. Ka karya kumallo kullum. Ka nemi abokin tafiya. Kowace Juma'a ka gwada igiyarka, ka rubuta a littafi. Amfanin karatu ke nan. Ɗalibinmu ɗan tireda haka ya yi. Yau da ƙafa yake zuwa aji, yana shan maganinsa, igiyarsa saura yatsa biyu ta haɗu.

Gargaɗi guda. Wannan magana ba ta shafi yara ba, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko wanda dama ba shi da jiki. Su ƙari suke bukata. Wanda kuma ya ga yana ramewa haka kawai, yana yawan fitsari da ƙishirwa, ko tari ya ƙi jin magani, ya hanzarta zuwa gidan likita.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku:

1. Dunƙulen sukari nawa kake sha a yini? Nawa ke nan a mako?
2. Mutum mai tsawon santimita 170, kewayen cikinsa kada ya wuce nawa?
3. Wane wuri kake zuwa da moto wanda za ka iya zuwa da ƙafa?

Ku rubuta amsa da hannunku, ku ba malami. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.