Gusau da Ƙauyukanta: Abin da Birni Yake Ɗauka da Abin da Yake Mayarwa

An ce in yi magana a kan yadda birni zai bunƙasa ba tare da ya cinye muhallinsa ba. Ba zan kai ku nesa ba, a gida za mu tsaya.

Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau a bakin Gulbin Sakkwato a farkon ƙarni na 19. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya kammala a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga. A 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, ya zama babban birni. Yau kuma rashin tsaro ya koro dubban mutanen karkara sun cika shi. Duk wannan girma, da itacen ƙauye da ruwan gulbi da hatsin manomi aka yi shi. Tambayata ita ce, me birnin yake mayarwa?

A da akwai amsa. Jaki ya shigo gari da itace, ya fita da mangala cike da taki. Jujin unguwa dukiya ne: toka, kashin awaki, ƙaiƙayi, sharar tsakar gida. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu saboda wannan musaya, mu ma nan mun san ta. Leda ce ta ɓata ta. Yanzu manomin Wonaka ko na Bunguɗu in ya kwashi juji, sai ya tsuguna yana tsince ledar fiya wata da tsofaffin batura kafin ya watsa, wadda ta kuɓuce masa kuma ta kwanta a ƙasa ta hana saiwa ratsawa. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa idan sun farke tumbin akuya ko saniya: dunƙulen leda a murɗe, wani har ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Dabbar da ake ta yi wa allura tana ramewa, ashe abin da muka yar ne ya toshe ta.

Sai ruwa. Waɗanda suka ga ɓallewar madatsar ruwa ta Gusau a 2006 ba su manta gidajen da suka rushe ba. Amma akwai ɓarnar da ba ta yin ƙara. Idan aka sare itatuwan da ke riƙe gaɓar gulbi, ruwan sama yakan kwaso yashi da laka ya jibge a madatsa, cikinta ya riƙa cikewa, ruwan da take ajiyewa ya ragu. Da rani sai ka ga 'yan ga-ruwa suna tura kura da jarkoki tun asuba, mai hali kuma ya haƙa burtsatse a gidansa, maƙwabcinsa ya haƙa wadda ta fi zurfi. Da damina kuwa ruwan ya yi mana yawa, domin kwatoci sun toshe da leda, kududdufan da ke shanye shi an cike su an yanka fulotai. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Wanda ya sa hannu aka sayar da ita, shi ya kamata a fara tambaya ranar ambaliya, kafin a kai ga rabon tabarmi da shinkafa.

Game da itace, ba na cikin masu ɗora wa matan gida laifi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi, wa zai ce wa mai tuyar ƙosai ta koma iskar gas? Kuma da yake daji mai nisa ba ya shiguwa saboda rashin tsaro, gatari ya dawo kan itatuwan bakin gari. Murhu mai tsimin itace zai rage, amma ba zai wadatar ba.

Nan ne nake so mu leƙa Maraɗi. A shekarun 1980, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka lura cewa kututturan da ake ƙonewa lokacin sharar gona suna da rai. Maimakon a tumɓuke, sai a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Suka kira shi sassaben zamani. Ba gandun raino, ba ban ruwa. An ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta haka a kudancin Nijar ta kai hekta miliyan 5, gawo ya dawo gonaki, mata suna samun itace daga rassan da aka rage. Mu kuwa kowace damina sai a kafa rumfa, babban baƙo ya dasa dalbejiya, a ɗauki hoto, kafin kaka akuya ta cinye. Zamfara tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, amma itacen da ya rayu shi ne mai mai shi. Manomin Tsafe zai kula da gawon gonarsa idan ya tabbata ba wanda zai zo da takarda ya sare.

Don haka roƙona ga iyayenmu masu unguwanni: ku sa a riƙa ware leda da ƙarfe tun daga gida, 'yan bola-jari su ɗauki nasu, sauran ya koma gona a matsayin taki. Ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu kuma su yi wa sauran kududdufai da hanyoyin ruwa iyaka a rubuce, a kafe a bainar jama'a kafin damina mai zuwa, kowa ya san inda ba na sayarwa ba ne.