Kada A Sa Ranar Zuba Kifi Kafin Dutse Ya Nuna

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Na daɗe ina sa-in-sa da wasunku, abokan aikina, kan abin da muke yi idan za a sauya ƙaramin tankin kifin teku da babba. A abin da idona ya gani, gaggawarmu ta fi cuta kashe kifi a irin wannan ƙaura.

Ba zan ɓata muku lokaci kan yadda amoniya ke komawa naitirait, shi kuma ya koma naitiret ba. Tun 1890 Sergei Winogradsky ya gano ƙwayoyin da ke wannan aiki, ɗan aji ɗaya ma ya haddace. Abin da ake mantawa shi ne mazauninsu. A jikin dutse suke manne, da yashi, da cikin matata. Waɗanda ke yawo a ruwa ba su taka kara sun karya ba. Ko Nitrosopumilus maritimus, ƙwayar nan mai cin amoniya da aka bayyana a 2005, daga duwatsun ƙasan wani tankin ruwan gishiri na gidan kifin Seattle a Amurka aka samo ta. Saboda haka wanda ya kwashi tsohon ruwa jarka-jarka ya juye a sabon tanki, ruwan gishiri kawai ya ɗauko, ma'aikatan ya baro su a baya.

Yanzu ga lissafin da nake so kowa ya rubuta. Amoniya a ruwa kashi biyu ce: akwai wadda ba ta cika yin lahani ba, akwai mai dafi wadda ke ratsa matattarar numfashin kifi. Ma'aunin pH da zafin ruwa su ke raba gardama tsakaninsu. A zafin digiri 25, idan pH yana 7, mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau 8, ta kai wajen kashi 5. Hawa ɗaya tak, dafi ya ninka kusan sau goma. Ruwan teku kuwa tsakanin 8.1 da 8.3 yake zama. Gishiri yana ɗan rage wannan adadi, amma bai sauya labarin ba. Ku ƙara da zafinmu: a digiri 30, wancan kashi 5 ya haura 7, kuma kowa a nan ya san abin da watan Afrilu ke yi wa ruwan da aka ajiye a ɗaki a Kano ko Sakkwato.

Yawancinmu a kan tarwada muka koyi aiki. Tarwada tana jure ƙazamin ruwa, tana leƙowa sama ta shaƙi iska. Wannan juriya tata ta sa mun saba ganin amoniya a takardar gwaji mu ce ba komai. Adadin da tarwada za ta kwana a ciki ta tashi garau, shi zai sa ka iske kifin murjani kwance a ƙasa da safe.

Na taɓa karɓar dutse mai rai, wato dutsen teku mai ɗauke da waɗancan ƙwayoyi, daga Legas, a naɗe cikin jiƙaƙƙun jaridu, bayan doguwar tafiyar mota. Da na buɗe akwatin, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin. Soson tekun da ke jiki ya mutu ya yi baƙi, ka taɓa ya narke a yatsa. Na nemi a ba ni mako biyar. Aka ce an riga an buga katin gayyata, babban baƙo na zuwa bikin buɗewa nan da kwana tara. Aka zuba dutse da kifi tare. Kafin mako ya zagayo da hannuna nake tsamo su ɗaya bayan ɗaya, har yau kuma abin yana ci mini rai.

Irin wannan dutse jinya yake buƙata a wani baho dabam: ruwan gishiri mai nauyin 1.025 da aka haɗa da tataccen ruwa, famfo yana motsa shi dare da rana, babu haske don kada gansakuka ta mamaye. A sa buroshi a kankare duk abin da ya mutu, a riƙa sauya ruwa, a zaƙulo kaguwa da sauran baƙin da suka laɓe a ramuka. Hanci zai fara gaya maka ya nuna, domin wari zai koma ƙamshin bakin teku, amma gwaji ne zai tabbatar. Ƙwayoyin da ke cin amoniya sukan ɗauki awanni masu yawa, wani lokaci yini guda, kafin ɗaya ta zama biyu. Shi ya sa sabon tanki ke cin mako huɗu zuwa shida.

Za a ce mini akwai bakteriyar kwalba mai gama aiki a kwana ɗaya. Tana iya taimakawa idan ta iso da ranta, amma kwalbar da ta sha rana a shago ba ni da dalilin amince mata sai gwaji ya nuna. Masu cewa ai tsohon dutse ya wadatar kuwa, ya wadatar ne ga adadin kifin da ya saba ɗauka, ba ga ninkinsa ba.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. A bar tsohon tanki yana aiki har sabon ya shirya. A ɗauki tsohon dutse cikin bokitin ruwa, kada ya sha iska. Tsohon yashi mai kauri a bar shi, ko a wanke shi tas, domin ƙarƙashinsa iska mai guba ke taruwa. A tanadi ƙaramin famfon iska mai batir, tunda awanni kaɗan na ɗauke wuta sun isa su shaƙe ƙwayoyin da aka yi makonni ana reno. Sannan mu rage dogaro da dutsen da aka fasa daga teku. Fiji, da ta yi suna wajen fitar da shi, ta sanar da haramta hakan a ƙarshen 2017, busasshen dutse kuma yana kama rai idan aka haɗa shi da ɗan tsohon.

Ga shugabanni kuwa, roƙona ɗaya ne: kada a buga katin gayyata sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya zuba amoniya miligiram 2 a kowace lita, ya dawo bayan awa 24 ya tarar da ita da naitirait duka a sifili, ya sa hannu.