Mayweather: Rashin Faɗuwa Ya Isa Ma'auni?

Yau maganar damben boksin za mu yi.

Floyd Mayweather na Amurka ya yi damben ƙwararru 50, ba a taɓa buge shi ba. Ko sau ɗaya. To, shi ke nan ya fi kowa?

Mu fara ba shi haƙƙinsa. Wajen kare kai da kauce wa naushi, samun kamarsa sai an tona.

Amma ku tambaya: da wa ya kara, kuma yaushe? Shekaru duniya tana jiran karawarsa da Manny Pacquiao. Ba a yi ba sai 2015, lokacin da ƙarfin Pacquiao ya fara ja baya. Damben da ya cike masa 50 ɗin kuwa, da Conor McGregor ya yi, mutumin da bai taɓa damben boksin na ƙwararru ba.

Yanzu ku dubi Muhammad Ali. An buge shi, har sau 5. Joe Frazier ya buge shi, Ali ya dawo ya rama, ya sake ramawa. Ya je Kinshasa a 1974 ana cewa George Foreman zai illata shi, ya kwantar da Foreman.

A ganina, Mayweather gwani ne, babban gwani. Amma bai kamo ƙafar Ali ba.