Jinkirin Haihuwa: A Nemi Magani Tare, A Daina Gori

Godiya ta tabbata ga Allah Mai kyauta ga wanda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Jama'ar Musulmi masu saurarenmu daga Tasawa da Maijirgi har Mayahi da Kanan Bakashe, karatunmu na yau ya shafi gidajen da aka yi aure shekara biyu, uku, biyar, babu ko ɓari. Mun san abin da ke biyo baya. Uwar miji ta fara habaici, kishiya ta yi gori, a kira baiwar Allah juya, wata ma a ba ta takardarta. Alhali a Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah Ya bayyana cewa bayarwa da hanawa duka a hannunSa suke. Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sai da ya tsufa aka ba shi Yahaya, kuma a tsawon jiran nan ya riƙe matarsa, ya riƙe addu'a.

Neman magani kuwa sunna ce. A wurin likitoci, idan ma'aurata suka cika shekara guda suna saduwa babu ciki, lokacin bincike ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da wannan jarrabawa a rayuwarsa. A kusan rabin ma'auratan kuma, namiji na da hannu a matsalar. Saboda haka malam, kada ka tura matarka likita ita kaɗai. Awon maniyyi ya fi awon mace sauƙi da araha.

Wani lokaci a auna duka biyun: mace na sakin ƙwai, hanyoyin mahaifarta a buɗe, maniyyin miji lafiya, amma shiru. Wannan shi ne jinkirin da ba a gano dalilinsa ba. Rashin gano dalili ba hujja ba ce ta cewa sammu aka yi, balle a ɗora wa kishiya ko maƙwabciya. Da yawa daga irin waɗannan ma'aurata kan sami rabo da kansu cikin shekara ta biyu.

Idan jiran ya yi tsawo, likita kan ba da maganin da ke motsa sinadaran jiki, waɗanda ake kira homon, domin ƙwai ya nuna ya fito a kan lokaci. Akwai ƙwayar Clomid da ake sha kwana 5 a farkon al'ada, akwai kuma allurai. Ga wadda dama take sakin ƙwai, ƙwayar ita kaɗai ba ta cika ƙara wani abu ba. Ta fi amfani idan aka haɗa da sanya maniyyin miji cikin mahaifa a asibiti. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta wannan matuƙar maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa, ta kuma haramta shigar wani na uku.

Sai dai mu ji tsoron Allah game da maganin tebur da na masu talla a kasuwa. Wannan magani na iya kumbura gidan ƙwai har ciki ya tara ruwa, yana iya kawo tagwaye ko fiye, abin da ke buƙatar kulawa sosai. Shi ya sa likita ke bibiya da na'urar duba ciki, kuma ba a saba wuce wata 6 ana sha ba. A fara daga asibitin Tasawa ko na Mayahi, su za su tura mutum Maraɗi wurin likitan mata.

Game da azumi, ƙwaya ana iya shanta bayan buɗa baki, allurar da ba ta abinci ba kuwa ba ta karya azumi a wurin malamai da yawa. Awon maniyyi a bar shi sai bayan Salla.

Ya ku mazaje, ku raka matanku. Ya ku iyaye, ku kame harshe, domin azumin baki ya haɗa da barin gori. Allah Ka bai wa masu nema zuriya ɗayyiba, waɗanda Ka jinkirta wa Ka ba su haƙuri da lada. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.